Shan maganin ƙarfin maza ba tare da larura ba: amsa ga wani matashi

Wani matashi ɗan shekara 27 ya aiko da tambaya. Ya ce bai taɓa samun matsala wajen saduwa da matarsa ba, amma kimanin shekara guda da ta wuce wani abokinsa ya ba shi ƙwayar sildenafil guda ɗaya ya gwada, abin ya burge shi, daga nan ya riƙa saya da kansa yana sha kusan duk lokacin da zai kusanci iyalinsa. Kwanan baya ya gwada bai sha ba, gabansa ya ƙi miƙewa yadda ya saba, hankalinsa ya tashi. Yana son ya sani ko maganin ya lalata masa jiki ne, ko kuwa ya kamu da jarabarsa, kuma ta wace hanya zai rabu da shi.

Ɗan'uwa, tambayarka ba baƙuwa ba ce a wurinmu masu duba marasa lafiya, ko da yake yawancin waɗanda ke cikin irin halinka ba sa iya furta ta sai tura ta kai bango. Zan fara da abin da ya fi damunka. Sildenafil da 'yan'uwansa ba sa cikin magungunan da jiki ke kamuwa da jarabarsu kamar yadda ake kamuwa da jarabar taba ko tiramadol, wato wanda ya daina shan su ba zai kama makyarkyata ko zufa ko ciwon gaɓoɓi ba, kuma shan su bisa ƙa'ida ba ya kashe jijiyoyin gaba. Abin da na fi zaton ya same ka shi ne ka ɗauke amanar da a da ka ba jikinka ka miƙa wa ƙwaya, har zuciyarka ta yarda cewa in babu ita ba za ka iya ba. Wannan dogaro ciwo ne na gaske kuma yana warkewa, sai dai ba za a tsayar da magana a kansa ba sai an tabbatar babu wata cuta da ke ɓoye a ƙarƙashi, kuma zan zo kan wannan a gaba.

Kafin ka gane yadda haka ta faru, sai ka san aikin da maganin yake yi. A cikin azzakari akwai sassa biyu dogaye masu kama da soso, waɗanda a yawancin lokaci tsokokin cikinsu a ɗame suke, jini kaɗan ne ke ratsa su. Idan sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ta jijiyoyi, jijiyoyin su saki wani sinadari da ake kira naitirik oksaid, shi kuma ya sa a samar da wani mai suna cGMP, wanda ke sa tsokokin su saki, jini ya kwararo ya cika soson, cikar kuma ta danne hanyoyin da jinin zai bi ya fita. Miƙewar gaba ke nan. Akwai kuma wani sinadarin, PDE5, wanda aikinsa shi ne ya rusa cGMP domin gaba ya koma ya kwanta. Abin da sildenafil yake yi bai wuce ya riƙe hannun PDE5 na 'yan awoyi ba. Ba ya haifar da sha'awa, ba ya ƙara sinadarin mazantaka na testosteron, ba ya ƙara girman gaba, kuma idan saƙon farko bai taso daga ƙwaƙwalwa ba, ba shi da abin da zai yi aiki a kai. An tanade shi ne domin mutumin da ciwon sukari ko hawan jini ko tsufa ko tiyata suka rage masa wancan sinadari, domin ɗan abin da ya rage masa ya daɗe har ya yi amfani. Matashi mai lafiya kuwa yana samar da isasshe da kansa.

Tarihin maganin ma abin lura ne. Masu binciken kamfanin Pfizer a garin Sandwich na ƙasar Ingila sun haɗa shi ne da nufin maganin ciwon ƙirji na zuciya da hawan jini, gwajin bai ba da sakamakon da aka so ba, amma mazan da aka gwada shi a kansu suka riƙa ba da labarin miƙewar gaba. A watan Maris na 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Viagra, a 2003 kuma Levitra da Cialis suka biyo baya. Na kawo wannan ne don ka riƙe cewa asalinsa maganin hanyoyin jini ne, kuma ba gaba kaɗai yake taɓawa ba. Har yau ana ba da shi, da wani suna da wani ma'auni daban, ga masu hawan jini na huhu.

To me yake ƙara wa mai lafiya? An gwada a gani. Wani bincike da aka wallafa a 2003 daga Italiya ya ɗauki maza 60 'yan shekara 20 zuwa 40 waɗanda ba su da matsalar gaba, aka ba rabinsu sildenafil miligiram 25, sauran kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda ya sha ba. Ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba a ingancin miƙewar gaba tsakanin ɓangarorin biyu, hasali ma wasu daga cikin waɗanda suka sha ƙwayar banza sun ce sun ji ƙarin ƙarfi. Abu guda da maganin ya canza shi ne ya gajarta hutun da namiji ke buƙata bayan inzali kafin ya sake tashi. Saboda haka ina ganin kaso mai tsoka na daɗin da ka ji a daren farko ya fito ne daga kwanciyar hankalin da ka samu na cewa ka sha wani abu da ba zai bari ka ji kunya ba.

Ba kai kaɗai ba ne. A wani bincike da aka wallafa a 2010 daga Ajantina, cikin matasa 321 masu lafiya 'yan shekara 18 zuwa 30, fiye da kashi 20 cikin 100 sun ce sun taɓa shan irin waɗannan magunguna ba tare da larura ba, yawancinsu daga hannun aboki suka samu, kamar yadda ka samu. A Amurka kuma, binciken da Christopher Harte da Cindy Meston suka yi a kan ɗaliban jami'a kusan 2,000 ya gano kimanin kashi 4 cikin 100, sannan wani aikin nasu da ya biyo baya ya nuna cewa masu sha don nishaɗi sun fi waɗanda ba sa sha ƙarancin amincewa da ƙarfin gabansu. Adalci shi ne a ce irin wannan bincike ba ya iya bambance wanda ƙwayar ta rage masa amincewa da wanda rashin amincewar ne ya kai shi ga ƙwayar tun farko. Amma kai ka ce a da ba ka da matsala, don haka a wurinka mun san wanda ya riga wani.

Ga yadda abin yake ƙulluwa, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Miƙewar gaba aikin natsuwa ce. Jijiyoyin da ke tafiyar da sassan jiki ba tare da umarninmu ba kashi biyu ne, akwai masu aiki a lokacin hutu da kwanciyar hankali, akwai masu aiki a lokacin tsoro da shirin gudu ko faɗa. Na farkon su ne ke buɗe hanyar jini zuwa gaba, na biyun kuwa suna sakin adirenalin, wanda ke ɗame tsokokin nan da muka ambata ya rufe hanyar. A daren da ka yanke shawarar ba za ka sha ba, ka shiga shimfiɗa da tambaya a ranka, ko zai tashi ko ba zai tashi ba, hankalinka ya bar matarka ya koma kan gabanka, ka zama ɗan kallo a wurin da ya kamata ka zama mai yi. Wannan ɗan fargaba ya isa ya saki adirenalin, gaba ya yi sanyi, kai kuma ka ɗauki hakan a matsayin hujjar cewa lallai sai da ƙwaya. Washegari fargabar ta ninka, ka koma ga ƙwayar, ta yi aiki, hujjar ta ƙara ƙarfi. Kusan kowane namiji yakan gamu da daren da gabansa bai amsa ba saboda gajiya ko rashin barci ko ɓacin rai, kuma wanda bai taɓa shan komai ba yakan kwana ya manta. Wanda ya saba da ƙwaya shi ne ke mayar da dare ɗaya ya zama hukunci a kan mazantakarsa.

Akwai wani ruɗani da nake yawan gani, wanda ya kamata in taɓa ko da bai shafe ka ba. Matasa da yawa suna shan sildenafil ne don su daɗe ba su kawo ba, alhali saurin inzali matsala ce daban, hanyarta daban, maganinta ma daban. Da yawansu kuma ba su da saurin inzalin ma, ma'aunin da suke auna kansu da shi ne na ƙarya, wanda suka ɗauko daga finafinan batsa da cika bakin abokai. A 2005 an wallafa wani bincike da aka yi a kan maza kimanin 500, kowanne da abokiyar zamansa, a ƙasashe biyar, inda aka auna lokacin saduwa da agogo, aka samu matsakaicinsa bai kai minti 5 da rabi ba. Wanda ke da saurin inzali na gaske akwai dabarun horo da magungunan shafawa da na sha da likita zai iya rubuta masa. Abin da ba ya cikin mafita shi ne haɗa sildenafil da tiramadol, domin tiramadol yana sa jaraba ta jiki, yana iya jawo farfaɗiya, kuma daɗewa ana shansa yana rage testosteron har ya kashe sha'awar da ake nema. An yi gudun gara ke nan an faɗa wa zago.

Yanzu sai haɗarin da ya shafi jiki. Illolin da aka fi gani ƙanana ne kuma suna wucewa, irin su ciwon kai, zafin fuska, toshewar hanci, ƙwannafi da jiri, sai ciwon baya da na tsoka ga masu shan tadalafil, wato Cialis. Wasu kan ga abubuwa sun yi shuɗi-shuɗi ko haske ya dame su, domin sildenafil yana ɗan taɓa wani sinadari ɗan'uwan PDE5 da ke aiki a bayan ido. Waɗannan ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoro na farko shi ne haɗuwarsa da magungunan naitiret, irin su naitirogiliserin da ake sa wa mai ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe, da kuma amil naitirait da wasu ke shaƙa don nishaɗi. Su da sildenafil duk suna buɗe hanyoyin jini ta hanya ɗaya, idan suka haɗu ƙarfin bugun jini yana iya faɗuwa warwas har mutum ya suma ko ya rasa ransa. Shi ya sa idan wanda ya sha ƙwayar ya ji ciwon ƙirji aka kai shi asibiti, wajibi ne ya ajiye kunya ya faɗi abin da ya sha da lokacin da ya sha, domin ba a ba da naitiret sai bayan awa 24 da shan sildenafil, ko awa 48 da shan tadalafil, wanda shi aikinsa yakan kai awa 36 a jiki. Haka nan wasu magungunan kumburin furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da na hawan jini suna ƙara faɗuwar bugun jinin, giya mai yawa ma haka, ga shi ita kanta giyar tana kashe miƙewar gaba. Wasu magungunan kuma suna hana hanta fitar da sildenafil daga jini, musamman ritonabir da ke cikin wasu haɗe-haɗen maganin ƙanjamau, wanda ke iya ninka yawansa a jini fiye da sau goma.

Na biyu shi ne miƙewar da ta ƙi kwanciya. Idan gaba ya tsaya a miƙe da ciwo har awa 4, wannan lamarin gaggawa ne, domin jinin da ya maƙale a ciki iskarsa ta ƙare, naman wurin ya fara mutuwa. A asibiti akan zuƙe jinin da allura a sa maganin da ke ɗame hanyoyin jini, kuma idan an zo da wuri yawanci komai yakan koma daidai. Wanda kunya ta sa ya jira kwana ɗaya ko biyu yana iya rasa ƙarfin gabansa har abada. Ba kasafai hakan ke faruwa daga sildenafil shi kaɗai ba, amma haɗarin ya fi yawa ga masu ciwon sikila da masu wasu cututtukan jini, da waɗanda ke haɗa shi da wasu ƙwayoyi ko suke wuce ma'auni. Ma'aunin sildenafil miligiram 25 ne, ko 50, ko 100, sau ɗaya tak cikin awa 24, kuma wuce 100 ba ya ƙara ƙarfi sai dai ya ƙara illa. Akwai kuma ɗaukewar gani a ido ɗaya farat ɗaya da ɗaukewar ji, waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka ƙara gargaɗi a kansu a 2005 da 2007. Ba su cika faruwa ba, amma wanda ya gamu da ɗayansu ya daina maganin nan take ya nemi likita a ranar.

Duk wannan bayani ya shafi magani na ainihi ne, wanda ba jabu ba. Matsalar ita ce mai sha ba tare da takardar likita ba yakan saya ne a inda ba za a tambaye shi komai ba, ko ta intanet, ko daga hannun aboki, kuma magungunan ƙarfin maza suna cikin waɗanda aka fi yin jabunsu a duniya. Ƙwayar jabu tana iya zama babu komai a cikinta, tana iya ɗaukar fiye da abin da aka rubuta a kwali, tana kuma iya ƙunsar wani magani daban. A 2008 a Singafo an kwantar da mutum 150 waɗanda ba su da ciwon sukari, sukarin jininsu ya faɗi ƙasa matuƙa, aka gano cewa jabun Cialis da wasu kayan ƙarfin maza da ake cewa na itatuwa ne da aka yi ta sha suna ɗauke da gilibenkilamaid, maganin masu ciwon sukari. Wasu ba su farfaɗo daga dogon suma ba, mutum huɗu suka mutu. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil ko tadalafil a ɓoye cikin kayan da aka rubuta musu cewa tsantsar itatuwa ne. Ina jaddada wannan ne saboda na ga waɗanda suka ce sun daina maganin bature sun koma na itatuwa, alhali sinadarin nan dai suke sha, wannan karon ba tare da sanin ma'auninsa ba.

Sai batun da na ce zan dawo kansa. Ko da yake na fi zaton fargaba ce ke damunka, ƙuruciya ba ta hana raunin gaba na gaske. Wani bincike daga Milan na ƙasar Italiya da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa cikin kowane maza huɗu da suka zo neman taimako a karon farko kan wannan matsala, ɗaya bai wuce shekara 40 ba. Hanyoyin jinin da ke shiga gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, saboda haka idan ciwon sukari ko hawan jini ko kitse a jini ko shan taba suka fara lalata hanyoyin jini, sau da yawa a gaba ne alamar ke fara fitowa, shekaru kafin a ji komai a ƙirji. Wanda ya shafe shekara yana rufe wurin da ƙwaya ba zai san ko wata cuta ta shigo a tsakani ba. Ciwon damuwa, wasu magungunansa, ƙwayoyin ƙara tsoka da masu ɗaga ƙarfe ke amfani da su, da ƙarancin testosteron, duk suna iya zama sanadi.

Akwai alamun da za su haska maka kafin ka ga likita. Namiji mai lafiya gabansa yakan miƙe sau uku zuwa biyar cikin barci a kowane dare ba tare da ya sani ba, kuma miƙewar da kake tashi da ita da asuba ɗaya ce daga cikinsu. Idan kana samun wannan a ranakun da ba ka sha komai ba, kuma matsalar ta zo maka ne farat ɗaya, tana zuwa a wani yanayi tana ɓacewa a wani, to hanyoyin jininka da jijiyoyinka suna aiki. Idan kuwa miƙewar asuba ta daɗe da ɗaukewa, ko raunin ya riƙa ƙaruwa a hankali a kowane hali, ko sha'awar kanta ta mutu, to akwai buƙatar bincike mai zurfi. Ko wanne ne, ka je a auna hawan jininka, da sukari da kitsen jini, da testosteron idan likita ya ga dalili, wanda shi da safe ake ɗibar jininsa. Ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha, da ma'auninsa, da inda kake samu, da duk abin da kake haɗa shi da shi. In kwalin yana nan ka tafi da shi.

Game da dainawa, tunda jiki ba ya jarabarsa, kana iya dainawa yau ba tare da wata illa ba. Wahalar a zuciya take, kuma a nan akwai abu biyu da na ga suna aiki. Na farko, ka sanar da matarka. Na san wannan shi ne mafi nauyi, amma sirrin da kake riƙe da shi yana cikin abin da ke ciyar da fargabar, kuma macen da ba a yi mata bayani ba takan ɗauka ita ce ta daina burge mijinta ko kuma hankalinsa ya koma wani wuri. Na biyu, ku ware mako biyu ko uku kuna kusantar juna da wasa da taɓa jiki, bisa yarjejeniyar cewa ba za a kai ga saduwa ba ko da gaba ya miƙe. Wannan tsohuwar dabara ce da William Masters da Virginia Johnson suka shahara da ita, hikimarta kuma ita ce idan babu jarrabawa babu faɗuwa, adirenalin ya lafa, jiki ya koma yin abin da ya saba. Ka sa a ranka cewa za a sami dare ɗaya ko biyu da ba zai amsa ba, kuma hakan ba koma-baya ba ne. Isasshen barci, motsa jiki, barin taba da giya da nisantar finafinan batsa duk suna taimakawa.

Wani lokaci likita da kansa yakan ga dacewar ya rubuta maka ƙaramin ma'auni na ɗan lokaci, a riƙa ragewa ana tsallake wasu ranaku har ka tabbatar wa kanka cewa kana iyawa, kuma wannan ya bambanta da abin da kake yi yanzu, domin an san lafiyar zuciyarka, an san ingancin ƙwayar, an kuma san ranar dainawa. Idan ka yi wata uku kana bin waɗannan matakai, gwaje-gwajenka sun fito lafiya amma matsalar tana nan, ka nemi a tura ka wurin likitan mafitsara da al'aurar maza, ko wurin masanin halayyar ɗan'adam da ya ƙware a matsalolin jima'i, kuma in da hali ku je tare da matarka.